Autar Damina da Zauren Iya Gwamma

Dalilin da ya sa ruwan ƙarshen damina yake jiƙa wani gida ya tsallake na maƙwabcinsa kuke son ji, to ku matso, mai taunar gyaɗa kuma ya rufe bakinsa. Kun dai ga abin da aka yi shekaranjiya: an tafka ruwa a gidan su Barmani har kaji suna neman mafaka, mu nan ko ɗigo, alhali taku goma ne tsakaninmu. Da can ba haka ruwa yake ba. Wata tsohuwa ce ta koya masa wannan hali, kuma kishi ne ya sa ta.

A zamanin da, Damina tana da 'ya'ya uku. Babban shi ne ruwan shuka, wanda kowa yake ɗaga kai yana jiran zuwansa. Mai bi masa ita ce Marka, wadda take wuni tana zuba har katanga ta zauna. Sai 'yar autarsu, mai zuwa bayan gero ya nuna, da ɗan goranta guda ɗaya, ta yayyafa wa gari ruwan sallama. Uwarsu ta kafa musu doka cewa kowane gida a ba shi daidai da na kusa da shi, kada a fifita kowa. Auta tana bin dokar nan sau da ƙafa, ta bi gida-gida tana ɗiɗɗigawa kamar mai raba gishiri.

A wani gari da ake kira Kukar Nomau kuwa akwai al'adar yawon tumu. Tumu, ku 'yan yanzu da ba ku san komai ba sai biskit, shi ne sabon gero da ake gasawa a zangarniyarsa a murje a ci. Idan kaka ta kama, yaran garin sukan yi kwana uku suna zaga gidaje bayan la'asar. Kowa ya samo sakaina ya huda mata idanu biyu ya ɗaura a fuska, ya liƙa gemu da gashin masara, ya shafe hannu da ƙafa da toka yadda uwarsa ma ba za ta shaida shi ba. Sai su tsaya a ƙofar gida suna waƙa:

"A ba mu tumu mu wuce,
In an hana mu, gida ya birkice."

In an ba su, su yi godiya su ƙara gaba. In an hana su, su shiga su yi wa gidan tsiya. Amma tsiyar tana da iyaka: ba a fasa abu, ba a ɗauke abu a tafi da shi, ba a taɓa wuta. Kowa ya san Autar Damina takan sauko ta saje da su da tata sakainar, ta yi yawon tare da su, ranar ƙarshe ta yayyafa ruwanta ta koma wurin uwarta.

A ƙarshen unguwa akwai tsofaffi biyu da dangar kara ɗaya ta raba. Iya Gwamma mai ƙuli-ƙuli ce, tana da abin hannunta, gidanta har da zaure, tsakar gidanta kullum a share kamar an lashe. Fuskarta ce dai Allah bai yi mata wurin ajiye dariya ba. Ba mugunta gare ta ba, haka take. Inna Tasalla kuwa kaɗin auduga take yi, ɗakinta yana yoyo, tukunyarta guda ce, bakinta kuma ba ya hutawa daga safe har yamma.

Duk shekara Iya Gwamma takan gasa tumu mai kyau, ta dafa gyaɗa, ta ƙara da ƙuli-ƙuli, ta jera a faifai. Yara su zo, kafin su kai ƙarshen waƙa ta miƙa musu. Su durƙusa su karɓa da hannu biyu, su ce, "Mun gode Iya, Allah ya ƙara arziki," su fita sum-sum kamar waɗanda suka je gaisuwar mutuwa.

Da sun shiga gidan Tasalla kuwa, sai ka ji unguwa ta ɗauka. Ita ba ta da abin bayarwa sai gurjiya, wani lokaci ma a ƙone, amma ba ta taɓa bayarwa ta daɗin rai. Takan fito da muciya tana cewa, "Ni zan ciyar da waɗannan ƙattan masu gemu? Ku je ku yi noma." Su kuwa abin da suke jira ke nan. Su ɗora mata turmi a kan rumbu, su rataye takalminta a reshen zogale, wani ya zauna cikin kwandon audugarta ya ce shi ne sabon mijinta, a kawo masa tuwo. Ta bi wannan, wancan ya ja mata zane. Sai kowa ya gaji da dariya sannan ta fito da gurjiyar, su zauna a ƙasa su ci tare da ita. Wata guda cur ana ba da labarin a bakin rijiya.

Iya Gwamma tana jin komai ta cikin danga, kuma abin yana cin ranta ƙwarai. Ta rasa yadda za a yi ƙonanniyar gurjiya ta fi ƙuli-ƙulinta. Ta rasa me Tasalla take da shi, mace ko zanen kirki babu. Ita abin da take so ɗaya ne, kuma ta kasa faɗa wa kowa: yaran nan su shigo gidanta su zauna, su ja mata zane ita ma, a ba da labarinta a bakin rijiya ko sau ɗaya.

Wata shekara kishin ya kai mata iya wuya. Ta ce a ranta, ai abin ba wuya, hanawa ce kawai. Ranar farko yara suka zo suka yi waƙarsu, ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Bana babu."

Ta jira a ture ta a shiga, cike da ɗoki. Sai babbarsu, wata yarinya Ladidi, ta durƙusa ta ce, "Ba komai Iya, Allah ya hore na baɗi." Suka juya a hankali, har ƙaramin cikinsu ya gyara mata asabarin da iska ta karkatar. Ba a jima ba ta jiyo ihunsu a gidan Tasalla, ta koma ciki ta zauna ita da faifan tumun da ta ɓoye.

Washegari ta yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya a madadinta. Ta ce tunda sun kasa farawa, ita za ta fara musu. Ta kama akuyarta ta ɗaura mata ɗankwali da zane, ta rataye ludayi a wuyanta, ta sake ta a ƙofar gida, sannan ta ɗaga murya, "Jama'a ku zo ku ga abin da yaran nan suka yi mini."

Jama'a suka zo, amma ba wanda ya yi dariya, don ba wanda ya taɓa tunanin ana wasa da Iya Gwamma. Mai unguwa Jatau ya iso ransa a ɓace. Iyaye suka karyo tsumagiya. Aka tattaro yaran aka jera su a ƙofarta, aka sa su durƙusa su ba ta haƙuri a kan abin da ba su yi ba, wasu har an riga an zane su. Ta buɗe baki za ta ce ita ce ta yi, girman kai ya riƙe mata harshe.

Ladidi ta ɗago ido jage-jage da hawaye ta ce, "Iya, ki yi haƙuri, amma wallahi ba mu ba ne."

Tasalla tana tsaye a gefe. Ta matsa ta dubi akuyar, ta shafa bayanta, ta shinshina hannunta. Akuyar nan an yi mata wanka tas da sabulu, don Iya Gwamma ba za ta iya ɗaura zanenta a jikin dabba mai datti ba, ɗaurin ɗankwalin kuma irin na zuwa biki ne, ba karkata ko kaɗan. Tasalla ta dubi maƙwabciyarta, sannan ta juya ta ce wa mai unguwa a sallami yaran haka nan. Wannan kawaicin ya fi zagi ƙona wa Iya Gwamma rai. Da ta tona mata asiri ma da ya fi mata sauƙi a kan ta tausaya mata.

Ranar nan da la'asar yara suka zaga ta bayan gari don kada su bi ta ƙofarta.

Yanzu kam ba so kaɗai ke cin ta ba, har da haushi. Ta ce in ita ba za ta samu ba, to za ta raba Tasalla da su ko ta wane hali. Kuma tana da wani sani da ba kowa ke da shi ba. Da yake ita mai shara ce, ta daɗe da lura cewa duk shekara in yara suka fita daga zaurenta, sawu ɗaya daga cikin sawayensu yakan zama jiƙaƙƙe. Ta san na wace ce.

Rana ta uku, tun azahar, ta je ta tsaya a bakin kududdufi inda yara suke shafa toka, tana kallon ƙasa. Can ta hango wata 'yar siririya a bayan kowa, da gora a rataye, duk inda ta taka sai wurin ya yi danshi. Ta yafito ta, ta ja ta bayan wata tsamiya.

"'Yar nan, na san ki. Ke ce Autar Damina."

Yarinyar ta gyara sakainarta ta ce, "Iya, in kin sani ki rufa mini asiri."

"Zan rufa. Ungo wannan." Ta kwance bakin zane ta fito da ƙuli-ƙuli. Nan ta kama ta, don Auta duk abin da aka ba ta a yawon nan jiƙewa yake a hannunta kafin ta kai baki, tumu ya yi laushi, gyaɗa ta yi yauƙi. Ƙuli-ƙulin Iya Gwamma ne kaɗai yake isa bakinta da ƙarfinsa. Ta hau gurgura tana lumshe ido.

Iya Gwamma ta ce, "Wata alfarma nake nema. Ruwan goran nan naki, yau kada ki raba shi. Ki juye shi kaf a gidan Tasalla, lokacin da yara suke ciki. Nawa gidan ko ɗigo kada ya taɓa."

Auta ta daina tauna. "Iya, ba a taɓa yi ba. Innarmu ta hana."

"Na sani. Ke ai yarinyar kirki ce. Shekara nawa kina bin yaran nan? Kowa yana da tsiyar da ake tuna shi da ita, ke fa? Kina baya kina riƙon gora. Yayanku in zai zo har addu'a ake fita yi. Marka in ta zo, shekara ake ana zancen katangar da ta kayar. Ke kuwa in kin zo me ake cewa? A kwashe shanya, ga 'yar yayyafin nan, yanzu za ta wuce."

Mai kishi ya san inda kishi yake kwana a cikin wani. Maganar ta soki Auta, don abin da ya daɗe yana damunta ke nan. Ta jujjuya goranta, sannan ta ce, "To ke Iya, me za ki samu?"

"In ruwa ya sauko musu, ina za su gudu? Gidana ne mafi kusa, kuma shi ne busasshe."

Auta ta dube ta ta cikin hudar sakaina. Ta ce, "Shi ke nan. Amma in na juye, na juye. Gora ɗaya gare ni."

Iya Gwamma ta koma gida da sauri kamar ba tsohuwa ba. Ta buɗe ƙofar zaure, ta naɗe asabari, ta shimfiɗa sababbin tabarmi, ta hura gawayi a kasko don masu jin sanyi. Ta jera tumu da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, har da zuma a 'yar ƙwarya. Ta zauna tana ta gwada yadda za ta ce, "Ku shigo 'ya'yana, ku shigo," don bakinta bai saba ba.

La'asar ta yi, ta ji waƙa a ƙofar Tasalla, ta ji muciya ta fito, ta ji an fara guje-guje. Sai wani ɗan baƙin girgije, bai fi faɗin rumfar kasuwa ba, ya taso ya tsaya daidai kan gidan. Aka yi tsawa guda, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ya tsaya cak a kan danga kamar an yanka da wuƙa, gefen Tasalla yana ambaliya, gefen Iya Gwamma rana tana haskawa.

Yara suka kwashe da ihu. Iya Gwamma ta miƙe ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara ɗaurin zane.

Ta jira, ba wanda ya fito. Ta kasa kunne, sai ta gane ihun nan ba na tsoro ba ne. Ta leƙa ta tsagar danga. Yaran nan sun yi fatali da komai suna tsalle a cikin ruwa, toka tana gangarowa daga jikinsu, wasu suna sulu a cikin taɓo, wasu sun buɗe baki sama. Tasalla ta fito da tukunya za ta tari yoyon ɗakinta, ta ga abin ya fi ƙarfin tukunya, sai ta kifa faifai a ka ta shiga tsakiyarsu tana rawa. Iya Gwamma ta shekara sittin tana gudun ruwa saboda kayan shanya, har ta manta cewa yaro ba gudun ruwa yake ba, nemansa yake.

Kafin ka ce me, labari ya zaga gari cewa ana ruwa a gida ɗaya tak. Yaran da ba su ma fito yawo ba suka ɓarko a guje, suna wucewa ta ƙofarta ɗaya bayan ɗaya, ba mai waiwaye. Can wani ɗan ƙarami ya ja birki a gabanta yana haki. Ranta ya yi fari, ta buɗe baki za ta faɗi maganar da ta wuni tana gwadawa.

Ya ce, "Iya, don Allah in ajiye rigata a zaurenki? Innata za ta doke ni in ta jiƙe."

Ta ce, "Ajiye."

Ya tuɓe ya ajiye a kan sabuwar tabarma ya ruga. Na bayansa ya gani, shi ma ya ajiye. Waɗanda suke ciki suka tuna da nasu, suka riƙa zuwa a guje suna miƙo riguna da sakaina daga bakin ƙofa, ba mai shiga don kada ya ɓata mata wuri da taɓo. Kowa ya ce, "Mun gode Iya," ya koma. Haka zaurenta ya cika maƙil da rigunan yara da fuskokin sakaina masu gemu, suna kallonta da hudojin idanunsu, ita kuma tana zaune tana gadi, tumu yana hucewa a faifai.

Da abin ya ishe ta ta fita tsakar gida ta ɗaga kai ta ce, "Auta, na fasa. Kawo shi nan. Ki jiƙa mini komai, har ƙuli-ƙulin."

Auta ta leƙo daga gefen girgije, ta kifa goran ta girgiza, ko ɗigo bai fito ba. Fuskarta sai walƙiya take don murna. Ta ce, "Iya, ai na gaya miki ɗaya ne. Kin ga yadda suke gudowa wurina? Tunda nake ba a taɓa gudowa wurina ba."

"To baɗi. Ki yi mini alkawari baɗi gidana ne."

"Iya, in na faɗa miki ranar da gidan, ai ba tsiya ba ce kuma. Sai dai kowa ya zauna da shirinsa." Ta rataya goranta ta tafi.

Da ruwa ya ɗauke, yara suka zo suka kwashi kayansu a bushe, suna rawar sanyi suna dariyar abin da ita ba ta cikinsa. Tasalla ta zo bakin danga sharkaf, zane ya manne mata, ta ce, "Yaya Gwamma, kin ga ɓarnar da aka yi mini? Audugata duk ta tafi, kukar miya ta zama kunu." Tana faɗa tana dariya har da riƙe ciki. Maƙwabta suka taru suna kallon inda ruwa ya yanke, suna mamaki. Mai unguwa Jatau ya taka busasshiyar ƙasar gidan Iya Gwamma, ya jinjina kai ya ce, "Barka Iya, Allah ya tsare ki. Kin ga girma, ruwan sama ma nauyinki yake ji."

Ta ce, "Haka ne." Ta shiga ɗaki ta saki labule, ta yi kukan da rabonta da shi tun rasuwar mijinta.

Damina ta yi wa autarta faɗa sosai a kan karya doka, amma yarinya ta riga ta ɗanɗana, faɗa bai hana ta komai ba. Baɗi ta juye goranta a gidan wani maƙeri, wata shekarar a rabin kasuwa, wata shekarar a kan masu shanyar barkono. Iya Gwamma kuwa, duk kaka sai ta baza gyaɗarta a tsakar gida ta ƙi kwashewa ko da hadari ya haɗu, ta bar ƙofa a buɗe, ta zauna tana kallon sama. Mutane suna cewa tsufa ne ya sa ta sakaci. Ta tsufa tukuf tana wannan shanya, kuma gyaɗarta kullum bushewa take yi ƙayau.

Shi ya sa har yau ruwan ƙarshen damina ba ya faɗa wa kowa ranar zuwansa, kuma ba ya raba daidai. Sai ya zo da rana tsaka da ɗan girgijensa, ya juye wa gida ɗaya ya bar na kusa da shi a bushe, yara su bi shi a guje duk inda ya sauka. Mai busasshen gida zai ce muku ya gode Allah shanyarsa ta tsira, amma ku dubi idonsa da kyau, za ku ga yana kan gidan maƙwabci.